Zango-zango daga Sakkwato har Elmina: yadda za ka mai da bas ɗaki ka kai iyalinka bakin teku

Kakana bafatake ne. Da jakuna yake zuwa Gwanja sayo goro, a bar Sakkwato da kanwa da jar fata, a yi watanni ba a ji ɗuriyarsa ba. Amma duk yawon nan nasa Salga ce iyakarsa, bai taɓa ganin teku ba. Ni ma har na yi ritaya daga koyarwa ban gan ta ba, sai dai ta tagar jirgi ranar da za mu sauka Jidda, ita ma wani ya tare rabin tagar da kansa. Ruwan da na sani shi ne Rima a Kwalkwalawa, da madatsar Goronyo, sai Kwara in an je Yawuri.

Da kuɗin sallamata suka fito, abokan aikina wasu suka ƙara aure, wasu suka zuba a kiwo. Ni kuwa na sayi tsohuwar Hiace doguwa mai tudun rufi, na cire kujerun baya na mai da ita ɗaki. Maƙwabcina a Runjin Sambo da ya ga kafinta yana auna katifa cikin mota sai ya ce, "Malam, lahiya dai? Ko Hajiya ta koro ka na?" Mu huɗu muka tafi, ni da Hajiyar da babban ɗanmu da auta. Kwana 27 muka yi, daga ƙofar gida har Elmina ta ƙasar Gana, muka dawo. Tun daga nan ake tare ni a masallaci da wurin ɗaurin aure ana tambayar yadda ake yi, shi ne na ce bari in rubuta sau ɗaya in huta.

Kafin maganar mota, ka gyara lissafinka na tafiya. Mu nan mun saba a tashi da asuba, a taka wuta, a ce sai Ikko za a kwana. In haka za ka yi, hau motar haya ka huta da wahala. Ayarin fatake ba haka yake tafiya ba. Madugu yakan tayar da mutane da sassafe, kafin rana ta karya an sauke kaya a zango, dabbobi su yi kiwo, a ɗora tukunya, a shiga gari a gai da mutane. Da wannan kalma ta zango ake kiran unguwannin Hausawa har yau a Kwatano da Lome da Ankara da Kumasi. Tsarin kakan nawa na ɗauka: kowace rana zango ɗaya, kuma kiran sallar la'asar ya same ni na riga na kashe mota. Tunda muka hau gaɓar teku ban wuce kilomita 120 a yini ba, akwai ranar da 40 kawai muka yi, akwai kuma ranakun da ko makulli ban taɓa ba.

Ka tashi cikin hunturu, daga Disamba zuwa ƙarshen Janairu. Can damina biyu gare su, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama wajen Satumba zuwa Nuwamba, kuma kwana cikin mota ana ruwa kamar da bakin ƙwarya ba hutu ba ne. Sai dai ka lura da makon Kirsimeti da sabuwar shekara: iyakoki na cushewa, bakin teku kuma kiɗa ne har asuba. Garin Wida na ƙasar Benin ma yakan cika maƙil wajen 10 ga Janairu, ranar bikin addininsu na gargajiya. In shiru kake nema da iyali, tsara zangonka ya kauce wa waɗannan ranaku.

Motar

Turawa suna da motocin da aka ƙera don wannan yawo, da kicin da banɗaki a ciki. Ko ka samu irinta kada ka saya. Ranar da ta tsaya maka a Mokwa babu mai kayan gyaranta. Hiace kuwa, daga Jega har Takoradi duk makanikin da ka tsaya wa ya san cikinta kamar yunwarsa.

Ka bar kujerun gaba da layi ɗaya na bayansu, da bel ɗinsu, don kada kowa ya yi tafiya a kwance bisa katifa. Daga nan zuwa ƙofar baya kafinta ya yi maka dandamalin katako mai tsayin gwiwa, katifa a sama, ƙasansa akwatunan kaya masu janyowa. A rataya labule mai kauri tsakanin kujeru da gadon. Mata su kwana ciki. Ni da yaron a gefen mota muke kwana, ƙarƙashin rumfar tamfol da mai walda ya yi wa sanduna masu naɗewa, kowa da gidan sauronsa. Tagogi a sa musu raga ta yadda za a bar gilashi buɗe duk dare. Kada ka baƙanta gilashi don sutura, magana kawai zai jawo maka a kowane shinge. Labule ya ishe ka, da rana ka zuge shi a ga cikin motar.

Kuskurena na farko raina zafin can ne. Na ce mutumin da ya sha watan Afrilu a Sakkwato shekara sittin, me zai ji tsoro a ƙasar da zafinta bai cika wuce 32 ba? Ashe namu gashi ne, nasu dahuwa. Iskar jiƙe take, zufa ta zubo ba ta bushewa, ka yi wanka ka fito kamar ba ka yi ba. Fanka ɗaya na saka, a Kwatano dole na ƙara ta biyu. Don haka ka ɗora faifan sola biyu a rufi, da batir nasa daban wanda ba ya haɗe da na tayar da mota, ya ja maka fanka biyu da fitila da ƙaramin firji da cajin waya. Hajiya ta dage sai da muka tafi da ɗan tulunta na sanyaya ruwa. A gida iska busasshiya ce ke shan raɓar jikin tulu ruwan ya yi sanyi, a can kuwa tulun ya yi ta gumi, ruwan na nan ɗumi. Mun kai shi Gana mun dawo da shi bai yi mana aikin komai ba.

Laimar nan ita ce abokiyar gabar guzurinka. Kilishin da zai yi watanni a ɗakinka, can kafin mako ya zagayo ya fara funfuna in ba ka ɗaure shi da kyau ba. Gishiri yakan jiƙe, ashana ta ƙi kamawa. Kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji da garin gero, duk a zuba su cikin robobi masu murfin murɗawa. Jarka huɗu masu lita 25 sukan kai mu kwana biyu zuwa uku da girki da alwala da wankan buta, na sha kuwa saye muke yi. Tukunyar gas a ɗaure ta tsaye, kuma ba a girki cikin mota ko da ruwa ake yi, a fito ƙarƙashin rumfa. Akwai fo mai murfi da ɗan zagayen tamfol don lalurar dare, amma gaskiya kusan kullum inda akwai banɗaki muke sauka.

Na ƙarfe: safaya taya biyu, jak mai kyau, fambel, man birki, famfon iska mai aiki da batirin mota, shebur, falankin katako biyu, igiyar ja, tukunyar kashe gobara, alamar tsayawa mai kusurwa uku guda biyu, da akwatin magani har da na zazzaɓin cizon sauro. Shebur da falankin nan kada ka ce nauyi ne, za ka ji dalili.

Takardu da kuɗi

Kowane mutum, har auta, da fasfonsa ko takardar tafiya ta ECOWAS. Benin da Togo da Gana duk ɗan Nijeriya na shiga ba biza har kwana 90. Kowa kuma da katinsa mai ruwan ɗorawa na rigakafin shawara. Katin ba ya fara aiki sai kwana 10 bayan allura, saboda haka kada ka bari sai ana gobe tafiya. Ita motar tana buƙatar takardunta na mallaka da sunanka, da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, da inshorar ECOWAS da ake kira kati mai ruwan ƙasa, wadda kamfanin inshorarka zai yanka maka. A kowace iyaka kwastan za su ba motar takardar izinin shiga ta wucin gadi, masu Faransanci suna ce mata lesefase. Kafin ka bar tagar, duba abu biyu da idonka: lambar jikin mota daidai take, kuma kwanakin da aka rubuta sun ishe ka har dawowa. Kowace takarda ka yi mata hoto kwafi goma, na asalin su zauna cikin jaka a jikinka.

Sefa ake kashewa a Benin da Togo, sidi a Gana. Sefa ka canza tun a gida, 'yan canjinmu sun san ta saboda Illela da Ƙonni. Amfanin zama ɗan Sakkwato ke nan: in Bahaushen zango ya ce maka dala ashirin ka san sefa 100 yake nufi, in ya ce jikka ka san 1,000 ce. Ɗana da bai saba ba sai da ya yi kwana biyu yana ninkawa da biyar a waya. Sidi kuwa ka bari sai Aflao, garin iyakar Gana. Mai, ka cika tanki kafin iyaka, amma kada ka tsallaka da ko jarka ɗaya ta fetur, sunanta fasa-ƙwauri ko da don kanka ka ɗauko.

Gangarawa

A taswira hanyar Kamba da Gaya da Malanville zuwa Parakou ta fi jan ido, ita 'yan kasuwarmu suka saba. Bayan juyin mulkin Nijar na 2023 aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanville, arewacin Benin ɗin ma ba lafiya ce ta ishe shi ba. Da iyali, bi ta cikin gida: Tambuwal, Jega, Koko, Yawuri, Kontagora, Mokwa, ka haye Kwara a Jabba, sai Ilori da Badun. Kusan kilomita dubu ne zuwa Ikko. An ƙaddamar da aikin sabuwar babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry a 2024, wataƙila jikokinmu su yi tafiyar cikin yini ɗaya, mu kwana biyar muka yi. Wannan ɓangare ba na shaƙatawa ba ne. Kowace yamma ka shiga tasha ka tambayi direbobin da suka iso ranar halin da gaba take ciki, ka tashi bayan gari ya waye sarai, ka bi ayarin motoci, kuma kada ka kwana sai cikin gida mai katanga. Daga Badun na bi ta Abeokuta da Ota da Agbara don in kauce wa cikin Ikko. Ita ma ka tambaya kafin ka hau, ramukanta na da yawa.

A Badagry auta ta hango ruwa ta yi ihu ta ga teku. Ba ita ba ce, tafki ne da ya raba garin da gaɓa. Sai an hau kwalekwale zuwa Gberefu, a taka cikin rairayi kamar minti ashirin. Tun kafin ka gan ta za ka ji ta, wani gurnani mai kama da hadarin gabas wanda ba ya ƙarasowa. Da muka hau ɗan tudun ƙarshe Hajiya ta tsaya cik, ta riƙe hannun auta gam, ta ce, "Malam, ina ƙarshenta?" Ban amsa ba, ni ma abin da nake nema ke nan.

Iyakar Seme, ta shiga Benin, ka je mata da safe. Tsakanin Badagry da can shingaye ne birjik: sauke gilashi, yi sallama, miƙa kwafi, kada ka nuna kana sauri. A iyakar kanta samari za su yanyame ka kowa na cewa kawo fasfo in taya ka. Kada fasfonka ya shiga hannun wanda ba ya bayan tebur. Mutum ɗaya ya zauna cikin mota, sauran ku bi tagogin da kanku, lafiya, shige da fice, kwastan. Mun yi awa uku, kuma tunda zangon ranar Kwatano ne kawai, ƙasa da awa ɗaya daga nan, ko a jikina.

Kwatano garin 'yan kabu-kabu ne masu rawayar riga, sun fi na Sakkwato yawa nesa ba kusa ba. Ajiye motarka a Zango ka hau su. In da hali ka ba Ganvie yini ɗaya, gari ne sukutum bisa sanduna cikin tafkin Nokoue, kasuwarsu ma cikin kwalekwale ake ci.

Daga nan dai tafiyar da ka zo dominta ta fara. Akwai hanyar masunta da ta bi bakin ruwa daga Kwatano zuwa Wida, kusan kilomita 40, teku a hagunka, bishiyoyin kwakwa ko'ina, bukkokin ganye jefi-jefi. A nan na yi wautata ta biyu. Na hango inuwa mai kyau dab da ruwa, na sauka daga hanya, ban yi taku ashirin ba tayoyin baya suka nutse. Hiace da baya take turawa, kuma da kayan nan nauyi gare ta. In haka ta same ka, ɗauke ƙafarka daga totur nan take, duk ƙarin wuta ƙarin kabari ne. Sauke mutane da jarkoki, rage iskar tayoyi zuwa kusan rabi, haƙe yashin gaban kowace taya, cusa falanki, sannan ka ja a hankali. Masunta takwas ne suka tura mu, ba mu jin yarensu ba su jin namu. Da muka fita na ba tayoyin iska da famfo, sannan ni da yaron muka kama igiyar tarunsu. Haka suke kamun: kwalekwale ya kai taru cikin teku ya zagayo, mutane masu yawa su yi layi biyu a gaɓa suna ja suna waƙa, awanni. Duk wanda ya sa hannu yana da rabonsa. Tafin hannuna ya yi kwana uku yana zafi, amma mun ci kifi da yajin gida a daren. Wani abu kuma da suka koya mini da nuni: kada a ajiye mota ƙarƙashin kwakwa. Ɗaya ta faɗo bisa faifan sola an gama.

Maganar shiga ruwa kuwa, ba wasa a ciki. Gaɓar nan daga Badagry har Gana gangare ne da ita, taku kaɗan ƙasa ta ɓace, kuma ruwan da ya bugo in zai koma da ƙarfi yake ja. Ko kai ne gwanin su na Argungu, wannan ba gulbi ba ne. Dokata ita ce iyakar ruwa ƙauri, yara riƙe a hannu, kuma ba a juya wa teku baya. Alwala da ruwanta ta halatta, hadisi ya tabbatar ruwan teku mai tsarkakewa ne kuma mushenta halal ne. Sai dai ka ɗebo a buta ka hau tudu, kuma ka shirya wa yajin gishiri a ido da hanci. Alƙibla ba ta da wuya: gabas ce mai karkata arewa, in ka tsaya daidai teku na hannun damanka. Ƙasaru muka riƙa yi, sai inda muka yi niyyar zaman kwana huɗu muka cika.

Wida ka kwana biyu. Akwai ɗakin da suke ajiye mesa suna girmamawa, Hajiya ta ce ko a bakin ƙofar ba za ta tsaya ba, ban matsa ba. Abin da ya kai ni shi ne hanyar bayi, kusan kilomita 4 daga tsakiyar gari zuwa bakin ruwa, inda aka gina wata babbar ƙofa ta tunawa a 1995. Ka bar mota ka taka da ƙafa. Mu a makaranta mun koyar da cinikin bayi na teku kamar labarin mutanen kudu ne. Alhali a farkon ƙarni na 19 cikin waɗanda aka fitar ta wannan gaɓa zuwa Bahia ta ƙasar Barazil har da Hausawa musulmi, da yawansu kamun yaƙe-yaƙen ƙasarmu ne aka yi ta sayarwa hannu zuwa hannu har bakin ruwa. Sun ƙulla tawaye a can a 1807, suna kuma cikin waɗanda suka tashi a 1835 cikin watan azumi, da layu da rubutun Larabci a jikinsu. Na tsaya ƙarƙashin ƙofar nan ina tunanin wani daga Gobir ko Zamfara da ya fara ganin teku a nan, kamar yadda na fara ganinta shekaranjiya, shi kuma da sarƙa. Hanyoyin da kakana ya bi da goro ma ba goro kaɗai aka bi da shi ta cikinsu ba. Ɗana ya so ɗaukar hoto, na ce ya ɗauki ƙofar, ban da ni.

Grand-Popo ce wurin hutawa na gaske, kwana uku muka yi. Masaukan bakin ruwa da yawa za su bar ka ka ajiye mota cikin harabarsu ka yi amfani da banɗaki da famfo a kan ɗan kuɗi. Ku yi ciniki kafin ka kashe mota, ka kuma tambaya ko suna kiɗa da dare. Ka ɗauki kwalekwale ka bi kogin Mono har inda ya faɗa teku.

A Hillacondji za ka shiga Togo, ka mai da agogonka baya da awa ɗaya, haka zai zauna har Gana. Gaɓar Togo duka ba ta fi kilomita hamsin da 'yan kai ba, mai sauri zai ratsa ƙasar kafin shayinsa ya huce. Mu mun kwana Aneho, wadda ita ce hedikwatar Jamusawa kafin su koma Lome a 1897. Zangon Lome ba cikin gari yake ba, an tashe shi tun 1977 zuwa arewacin birnin, sai ka yi 'yar tafiya. Iyakar Gana kuwa a cikin birnin take, titin bakin teku ne zai kai ka har ƙofar Aflao.

Yadda ake neman masauki a zango

Wannan shi ne abin da Bature mai tsadaddiyar motar kwana ba shi da shi, kai kana da shi. Kusan kowane gari a gaɓar nan yana da zango, ko ƙarami ne. Ka isa kafin la'asar, ka ajiye mota nesa kaɗan da masallaci, ka bi jam'i. Bayan sallama kada ka yi gaggawar faɗin buƙatarka. Ka gai da liman, ka ce baƙo ne daga Sakkwato. Sunan garin nan kaɗai yana buɗe ƙofa, za ka ji wani dattijo ya ce kakansa daga Wurno ya zo, wani ya tambaye ka Hubbaren Shehu. Sannan ka nemi a kai ka gaida Sarkin Zango, ka tafi da 'yar tsaraba: dabino, ko ƙullin kilishi, ko albasa. Sai an tambaye ka ina ka sauka, sannan ka ce da ɗakinka kake tafe, wurin ajiye shi kawai kake nema, inda iyali za su samu sutura. Ba a taɓa barinmu a titi ba. Sau da yawa ma matan gida sukan janye Hajiya da auta ciki, mu a bar mu da mota. Kada ka miƙa kuɗin masauki, cin fuska ne. Ka sa a asusun masallaci, ka yi wa yaran gida alheri ranar tashi, kuma kada ka wuce kwana biyu a gida ɗaya.

Daga Aflao kada ka miƙe babbar hanyar Ankara. Ka karkata a Denu ka bi siririn tudun da ke tsakanin teku da tafkin Keta, amma ka tambaya tukuna, don wani lokaci teku kan haye hanyar, in haka ne sai ka zagaya ta Dabala. A Keta akwai ganuwar da mutanen Denmark suka gina a 1784, teku ta cinye rabinta. Gaba kaɗan a Anloga na ga abin da ya tsayar da ni yini guda: fadamun ƙananan albasa cikin farin yashi, komai-komai a jere, ana ban ruwa daga 'yan rijiyoyi marasa zurfi. Na tsuguna na yi ta kallo kamar ina Kware. Daga nan ka haye Volta a gadar Sogakope, ka sauka Ada inda kogin ya haɗu da teku. A Gana ka kiyaye gudu, cikin gari 50 ne, kuma suna aunawa.

Ankara cunkoso ce, ajiye mota a Nima ko Sabon Zango ka shiga motar haya. Ka yi Juma'a a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, ginin Turkawa, an buɗe shi a 2021. In kewar gida ta kama ka, je kasuwar albasa ta Adjen Kotoku, za ka ji Sakkwatanci tsantsa. Abinci ba zai ba ka wahala ba, rabin sunayen namu ne: waakye shinkafa da wake ce, ga tuwon zafi, ga koko da ƙosai da safe. Hausarsu dai sai ka yi haƙuri, ba ruwanta da mace da namiji. Wata mata ta nuna Hajiya ta ce mini, "Matanka ya gaji." Hajiya ta yi kwana biyu tana maimaitawa tana dariya. Fita yamma ka yi sammako saboda cunkoson Kasoa, sunan ma kasuwa ce tamu aka lanƙwasa.

Ankara zuwa Cape Coast kusan kilomita 150 ne, mun raba shi biyu muka kwana Winneba. Elmina na gaba kaɗan. Ganuwarta Turawan Fotugal suka gina a 1482, Holan suka ƙwace a 1637, Ingila ta karɓa a 1872. Ka shiga da mai bayani, amma ɗakunan ƙasa inda aka tsare mutane ba na ƙananan yara ba ne, auta a waje ta tsaya da uwarta. Ka daidaita zuwanka ya haɗa da Talata: ranar masunta ba su fita teku, sai ka ga kwalekwale ɗaruruwa masu fenti da tutoci cushe a bakin gada. Kifin ranar dai ka saye shi tun Litinin. Masu ƙarfin zuciya su je dajin Kakum, arewa da Cape Coast, su hau gadar igiya da aka rataya a ƙoƙuwar itatuwa, wajen mita 40 daga ƙasa. Ɗana ya hau. Ni na riƙe masa takalma.

A dawowa teku na komawa hannun damanka, tsayawa ta fi sauƙi ba sai ka tsallaka titi ba, don haka wuraren da ka hango a tafiya ka wuce, ajiye su sai yanzu. Ka duba kwanakin lesefase na Togo da Benin tun kana Gana. Da ka baro gaɓa, a Badun ko Ilori, kai motar wurin wanki mai rami a wanke ƙarƙashinta da ruwa mai ƙarfi, a shafe ta da baƙin mai, a goge kawunan batir da sandunan rumfa. Iskar gishiri ba ta jira: ni na yi sakaci sai da muka iso gida, makanikina ya leƙa ƙasa ya ce salansa ta fara tsatsa, motar da ta shekara goma a Arewa ba ta yi ba. Katifa da labule a shanya su kwana biyu a ranar Sakkwato, warin laima zai fita. Yashi kuwa har yau in Hajiya ta janyo akwatin ƙarƙashin gado sai ta share.

Goron tsaraba a Shagamu na saya, na ɗan ratse daga Badun, ƙwarya biyar cikin ganye, ana yayyafa masa ruwa kowace safiya har gida. Na kuma cika gorar roba da ruwan teku a Elmina na kawo wa gwaggona, 'yar autar kakan nan nawa, wadda ta haura tamanin. Ta sa yatsa ta ɗanɗana, ta tofar, ta ce, "Wanga ruwa kun ka yi wata guda kuna bi?" Sannan ta ce a rufe mata gorar a ajiye ƙarƙashin gadonta, kada yara su taɓa.